Gawayin yau, yunwar gobe: zare kan gonakin Funtuwa da Malumfashi

1/ Matasan Funtuwa, Bakori, Danja, Kafur da Malumfashi, ku matso. Kullum muna kukan tsadar abinci da tsadar taki, amma ba mai son a taɓo ɓarnar da muke yi da hannunmu: sare ɗorawa da kaɗanya, da cinna wa daji wuta. Yau sai mun faɗa.

2/ Ku tambayi kakanninku yadda gona take a da. Dawa, gero da wake a ƙasa, bishiyoyi a sama. Ɗorawa ta ba da kalwa a yi daddawa, kaɗanya ta ba da man kaɗe, kuka ta ba da miya, tsamiya ta shiga kunu. Rabin tukunya daga bishiya yake, ba ko sisi.

3/ A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya. Taki da ingantaccen irin masara suka shigo, yankin ya zama rumbu. Wanda ya je kasuwar Dandume ranar cinta ya san ba ƙarya. Alheri ne, ba musu.

4/ To amma masara ba ta yafiya. Ba taki, ba amfani. Muka bi ta muka tsuke bishiyoyi wai inuwa na cutar shuka. Yanzu taki ya yi tsada, ƙasa ta gaji, miya kuma sai an sayo Maggi. Wa aka cuta?

5/ Ga 'yan farautar rani. Saboda gafiya ɗaya da burgu biyu a ƙone fili guda. Karan da zai ruɓe ya zama taki ya tafi, harawar dabbobi ta tafi, sheƙar zabo da fakara ta tafi. Haba! Wannan farauta ce ko ɓarna?

6/ Yaushe rabon da ka ga ungulu a mahauta? Zomo da gada fa? Kar ka ce ina ruwanka. Tsuntsaye ke tsince tsutsa a gona, ƙudan zuma ke taimakon furanni su yi 'ya'ya. Mun kore su, mun koma sayen maganin feshi.

7/ Na san amsar: "Malam talauci ne, gas ya fi ƙarfinmu." Gaskiya ne. Rashin tsaro ma ya raba mutanen Faskari da Sabuwa da gonaki da yawa. Amma buhun gawayi kuɗin kwana nawa ne? Ɗorawar da ka sare tana iya ciyar da gidanku shekaru da dama.

8/ Ku duba Maraɗi, inda ruwan sama bai kai namu ba. Tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassabin zamani: kututture ya yi toho, a bar rassa masu ƙarfi su girma. Gawo ya dawo gonaki, ga shi da damina yake zubar da ganye, bai tare wa shuka rana. Miliyoyin bishiyoyi, ba dashe.

9/ Saboda haka bana in kun je sharar gona, ku bar tohon nan. In za a yi itace, a sassabe reshe, a bar uwa. Masu unguwanni da dagatai su hana wutar daji da gaske, kowaye ɗan wa.

10/ Wanda bai yarda ba ya zo mu yi a ƙasa, amma da hujja. Allah Ya ba mu damina mai albarka.