RA'AYINMU: A YI WA ƊAKUNAN KWANAN ƊALIBAI ZAURE

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal sukan mai da 'ya'yansu gida idan lokacin shiga babbar makaranta ya yi. Mutanen kudancin Jihar Kaduna kuwa yanzu suna da inda za su kai nasu kusa da dangi. Akwai Kwalejin Horon Malamai da aka kafa a Kafanchan a 1977, wadda take Gidan Waya a yanzu. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, jami'ar da aka kafa a 2004. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓi Jami'ar Nok da ke Kachia ta mai da ita tata.

Uba yakan tambayi kuɗin makaranta, ya tambayi irin takardar shaidar da ɗansa zai fito da ita. Amma ba safai yakan tambayi inda yaron zai kwana ba, ko da wa zai kwana, ko wace doka ce take tsare da ɗakin. To, a kan wannan muke so mu ja hankalin jama'a da hukumomin makarantun nan.

Kada wani ya ɗauka dokar ɗakin kwana ƙaramar magana ce. A watan Afrilu na 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi jerin gwano don tunawa da 'yan'uwansu da aka kashe a rikicin 1978. Jerin gwanon ya bi ta Ɗakin Amina, wato masaukin 'yan mata, inda doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a, a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabannin ƙungiyar ɗalibai. Ɗalibai suka ce ba su yarda ba, aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma, ran 23 ga Mayu aka buɗe wuta, aka yi asarar rayuka. Tarzoma ta bazu zuwa sauran jami'o'in ƙasar nan, aka rufe da yawa daga cikinsu, Gwamnatin Soja ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Dokar hana maza shiga wajen mata ba ta da aibu. Yadda aka bi da ita ne ya kai ga zub da jini.

Mutanen Kafanchan ma ba sa bukatar a gaya musu abin da husumar ɗalibai take iya haifarwa. Ran 6 ga Maris 1987 gardama ta tashi a kan wa'azi a harabar kwalejin garin. Kafin mako ya zagayo wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona masallatai da majami'u, aka rasa rayuka da dukiya. Wannan ba a kan taba ko giya ya faru ba, amma darasin ɗaya ne: abin da ya tashi tsakanin ɗalibai ba ya tsayawa a cikin shingen makaranta.

A ɗaki guda na waɗannan makarantu sai ka tarar da ɗan Bajju da ɗan Kagoro da ɗan Jaba da Bahaushe da Bafulatani, wani yana tashi sallar asuba, wani yana shirin zuwa majami'a ran Lahadi. Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa. Saboda haka tilas a yi doka, kuma tilas ta zama dokar da kowa zai ga tasa ce.

Maganar taba ba ta da wuyar yankewa. Tun 1990 aka yi dokar soja da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, sa'an nan a 2015 aka yi sabuwar doka ta ƙasa wadda ta ƙarfafa hanin, ta kuma haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba. Wanda ya kunna sigari a ɗakin mutum shida, to, su shida ne suka sha. Ban da haka, guntun sigari ɗaya a kan katifar soso lokacin hunturu ya isa ya cinye gini da littattafan kowa. Balle tabar wiwi, wadda riƙe ta ma laifi ne a gaban shari'a.

Giya ce take bukatar a yi hattara wajen bayani. Kowa ya san matsayin burkutu a wajen gayya da bukukuwa a ƙauyukan kudancin Kaduna. Kowa ya san Musulunci ya haramta ta, majami'u da yawa kuma suna hana mabiyansu. Mu a namu ra'ayi, a hana shiga da giya ɗakin kwana ƙwata-ƙwata, amma a faɗi dalilin a fili, wato haƙƙin abokin zama ne ake tsarewa, wanda yake son ya yi karatu ya yi barci ba tare da hayaniya ko amai ko faɗa ba. In aka bari dokar ta yi kama da ta wani addini a kan wani, an shuka abin da ba a so a girba.

Game da baƙi kuwa, iyayenmu sun riga sun gama wannan shari'a tun da daɗewa. Gidan Bahaushe ba ya korar baƙo, amma baƙo namiji a zaure yake tsayawa. Abin da ɗakunan ɗalibai suke bukata ke nan. A gina wa kowane masauki ɗakin ganawa a bakin ƙofa, da kujeru da fitila, a sa lokacin zuwa da na tashi, a ajiye littafin da baƙo zai rubuta sunansa. Uwar da ta taso daga Agege ta kwana a mota don ganin 'yarta ta sami wurin zama cikin mutunci, saurayi kuma ya san iyakarsa. Hana ziyara gaba ɗaya ba ya hana kome, sai dai ya tura yara lungunan da ba mai ganinsu.

Muna roƙon hukumomin makarantun da su buga waɗannan dokoki su ba kowane ɗalibi ran da ya shigo, ya sa hannu, a aika wa iyayensa da kwafi. A zauna da wakilan ɗalibai, Musulmi da Kirista, maza da mata, kafin a zartar. Hukunci ya bi hawa-hawa, daga gargaɗi zuwa kiran iyaye zuwa fitarwa daga masauki, kora ta zama ta ƙarshe, kuma kada a hukunta kowa sai an ji ta bakinsa. Ɗan kwamishina da ɗan manomin citta su sha hukunci iri ɗaya. Gwamnati kuma ta ƙara gina ɗakuna, domin ɗalibin da ya rasa gado ya kama haya a cikin gari, ba dokar makarantar da za ta kai gare shi.

Ku kuma iyaye da kuke nan Kurmi kuna neman abin rufin asiri, aika kuɗi kaɗai bai wadatar ba. In kun je gida hutun Sallah ko Kirsimeti, ku ratsa makarantar, ku ga ɗakin, ku san abokan zaman ɗanku, ku nemi takardar dokar ku karanta. In babu, ku tambayi dalili. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.