Kafin allurar barci, a faɗa wa likita gaskiya



Idan naƙuda ta gagara a Zabori, ko ƙaba ta murɗe wa magidanci, sai a garzaya babban asibiti, kamar na Gaya ko na Doso. Kowa wuƙar likita yake tsoro. Amma akwai wani haɗari da ba a cika zancensa ba.

Cikin jikin kowane ɗan Adam akwai sinadarin da ake kira histamin, wanda Henry Dale da abokin aikinsa suka bayyana aikinsa a Ingila cikin shekarar 1910. Shi ne ke kawo borin jini da ƙaiƙayi. Lokacin fiɗa, wasu magunguna kan sa jiki ya sako shi da yawa gaba ɗaya: morfin, da alluran sassauta tsoka, da penisilin, har ma da robar safar hannu. Sai jijiyoyin jini su buɗe, ƙarfin jini ya faɗi, zuciya ta yi ta sauri, hanyoyin numfashi su tsuke. Majinyaci yana barci, ba shi da bakin yin ƙorafi, kuma jan da fata kan yi ba ya fitowa sosai a baƙar fata. Idan abin ya tsananta, allurar adarnalin ce ke ceton rai, muddin an yi ta da gaggawa.

Shi ya sa mai allurar barci ke tambaya: ko wani magani ya taɓa kumbura ka? Kana da fuka? A nan gizo ke saƙa. Da yawa daga cikinmu a kasuwa muke sayen ƙwayoyi, waɗanda ake shigowa da su ta Kamba ko Malanbil, ba kwali, ba suna. Wanda ya sha ya kumbura bai san abin da zai ce ba. Wani kuma kunya ke rufe masa baki.

Mu da muka yi yaƙi da jahilci, wannan aikinmu ne. Duk maganin da ya ɓata wa wani namu jiki, mu rubuta sunansa da ranar, mu adana kwalin, mu nuna wa likita. Ma'aikatan gidajen likita na karkara su sa shi cikin littafin majinyaci. Hukumomin lafiya kuma su tabbata babu ɗakin fiɗar da ya rasa adarnalin.

Rigakafi ya fi magani. Allah shi ba mu lafiya, amin.