Wanda ya ce babu Allah, mi ke cikin zuciyarsa?

Maganar da muka ɗauko a wannan mako tana cikin waɗanda ake rage murya kafin a faɗe su. Mutumin da ya ce bai yarda akwai Allah ba, kuma bai yarda da wani iko da ya fi ɗan Adam ba, shin yana iya samun abin nan da Faransawa ke kira "spiritualité", wato zurfin zuciya da natsuwar rai? Ɗalibanmu da suka kai ajin ƙarshe na lise sun gamu da tambayar a darasin falsafa, wurin karatun Sartre da Camus, kuma idan sun zo hutu Dakoro sukan kawo ta fada, ana shan shayi ana gardama. Tun da ta riga ta shigo gari, gara manya su san da ita.

Da farko sai mun gyara wata kalma. Bahaushe yana jin an ce wane bai yarda da Allah ba sai ya ce arne ne. Wannan kuskure ne. Annan ƙasar Maraɗi, waɗanda Bafaranshe Guy Nicolas ya daɗe yana bincike a kansu har ya fitar da babban littafi a 1975, ba su taɓa cewa babu Allah ba. Da sunansa suke rantsuwa. Abin da suke gani shi ne yana nesa, saboda haka suke neman biyan bukata wurin iskoki irin su Doguwa da Kure. Haka ƴan bori, waɗanda Iya ke shugabanta a Maraɗi, Inna kuma a Tibiri: duniyarsu cike take da ikon da ido ba ya gani. Malami zai ce sun yi shirka, amma ba zai ce sun kore Mahalicci ba. Mai cewa sama babu kowa baƙo ne a wurin liman, baƙo ne kuma a wurin sarkin Anna.

Saboda haka amsar farko daga waje za mu ɗauko ta. A 2006 wani masanin falsafa na Faransa, André Comte-Sponville, ya wallafa littafi mai suna "L'esprit de l'athéisme". An tashe shi cikin ɗariƙar Katolika, ya bar ta tun yana saurayi, amma ya ce bai bar gaskiya da tausayi da riƙon amana da ya koya a can ba. Hujjarsa ita ce ɗan Adam halitta ce mai iyaka da ke tsaye gaban abin da ba shi da iyaka, kuma wannan tsayuwar kaɗai ta isa ta sa shi shiru da mamaki, ko da bai ɗaga hannu ya roƙi kowa ba. Ya ba da labarin wani dare da yake tafiya cikin daji da abokansa, ya ji tsoro da tambayoyi sun sauka daga kansa, babu abin da ya rage sai sararin sama da taurari. Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin mabiya Buddha na Tailan da Sri Lanka, waɗanda ke shekaru suna horar da zuciya alhali addininsu bai ginu a kan Mahalicci ba.

Mu mutanen Dakoro ba sai an kwatanta mana irin wannan dare ba. Duk wanda ya kwana a kwarin Tarka ko wajen Gadabeji da rani, babu fitila, babu ƙarar mota, sai kukan raƙumi daga nesa, ya san yadda mutum ke ƙanƙancewa a idon kansa. Makiyayi musulmi zai ce subhanallahi. Idan wanda bai yi imani ba yana gefensa, ba na jin tsikar jikinsa za ta ƙi tashi. Ido ɗaya ne, sama ɗaya ce.

Amma a nan nake rabuwa da Comte-Sponville. A harshenmu ruhi kalma ce da muka karɓa tare da addini, kuma malamai sun karantar da mu cewa al'amarinsa na Ubangiji ne. Musulmin da ya tashi tsakar dare yana zikiri da wani yake ganawa, yana kuma sa ran ana jin sa. Mai kallon taurari ba tare da imani ba shi kaɗai ne, ya kuma yarda da kaɗaicinsa. Sa wa abubuwan nan biyu suna ɗaya zalunci ne ga dukansu. Abin da zan yarda da shi shi ne kirki. Baturen nan Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa halayen da Hausawa ke auna mutum da su, irin su gaskiya, amana, haƙuri, kunya da mutunci. Dukanmu mun san mai salla a sahun gaba da ba za a ba shi ajiyar buhun hatsi ba. Idan haka ta yiwu, to akasinta ma ba abin mamaki ba ne.

Wani zai ce wannan duk zancen ƴan boko ne. Ya dubi Kano. Mubarak Bala, wanda ya shugabanci ƙungiyar masu ra'ayin ɗan Adam zalla ta Najeriya, ya bayyana barin addini a 2014, danginsa suka kai shi asibitin masu taɓin hankali. An kama shi a Kaduna cikin Afrilun 2020 saboda rubuce-rubucen da ya yi a Facebook, wata kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 5 a 2024, daga baya aka sake shi. Ba na kare kalaman da suka ɓata wa musulmi rai. Cin mutuncin abin da jama'a ke girmamawa ba ya cikin kirkin da muka ambata. Abin da ya tsaya mini shi ne na 2014, tun kafin kotu ta shigo: iyali sun ji ɗansu ya ce bai yi imani ba, ba su sami wata fassara ba sai hauka.

Gidajenmu ma suna da ƴaƴa a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Maraɗi, kuma kowane yana da salula a aljihu. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai dawo da shakka a bakinsa. Uban da ya ɗauka zuciyar yaron ta zama kango zai kore shi ko ya ɗaure shi. Wanda ya lura yaron yana nan da kunyarsa, yana durƙusa wa uwarsa, yana mayar da canjin da aka aike shi da shi, zai iya zaunar da shi, ya kira malamin da ya san littafi kuma ba ya saurin fushi, su yi magana har dare ya raba.