Kada mu cinye irin kifin rafinmu

Damina ta kankama, dogon hutu ya ƙarato, kuma da yawa daga cikinmu a Karfi da ƙauyukan kewaye za mu raba lokacinmu tsakanin gona da bakin rafi. Shi ya sa a wannan mako za mu tattauna kan kamun kifi da ƙa'idojinsa.

Mu 'ya'yan manoma ne. Mun san komai tsananin yunwa, maigida ba ya sauko da masarar da ya rataye don iri ya ce a kai niƙa, domin wanda ya cinye iri ya cinye girbin baɗi. To rafi ma yana da nasa irin: ƙananan kifi da uwaye masu ƙwai. Da damina, idan ruwa ya malala cikin ciyawar fadama, nan tarwaɗa ke shiga ta zuba ƙwai. Karfasa kuwa, macen ce ke ɗauke ƙwanta a cikin baki har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama uwa ɗaya a wannan lokaci ya kwashe ɗaruruwan kifin da za a kama nan gaba.

Hanyoyi uku ne suka fi yi wa rafi ɓarna. Ta farko ita ce zuba guba. Da rani, idan ruwa ya janye ya bar gurbi-gurbi, wasu kan zuba maganin ƙwari irin su gamalin, kifi ya taso ruwa a galabaice su kwashe. Guba ba ta zaɓe. Tana kashe babba da ƙarami, da kwaɗi, da ƙwarin da kifi ke ci. Wannan ruwan ne shanu ke sha, da shi ake ban ruwan lambu, a cikinsa ƙannenmu ke wanka. Kifin kuma a tukunyar wani gida zai ƙare. Sinadarin da ke cikin gamalin yana daɗewa a ruwa da jikin mutum, shi ya sa a shekarar 2009 ƙasashen duniya suka saka shi cikin magungunan da aka hana amfani da su a gona.

Ta biyu ita ce wanke injin feshi a rafi. Mai yin haka bai yi niyyar kashe kifi ba, amma ragowar maganin ciyawa ko na ƙwari da ya ɗauraye ya shiga ruwa. Ta uku ita ce jan kifi da gidan sauro. Ramukansa ƙanana ne ƙwarai, ko ɗan kifi mai tsawon farce ba ya kuɓuta, ga shi kuma an jiƙa shi da maganin da ke yi wa kifi illa. An raba shi ne don kare iyali daga zazzaɓin cizon sauro, gidan da ya kai nasa rafi ya yi asara biyu.

Waɗannan abubuwa doka ta yi magana a kansu. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1992 ta haramta kama kifi da guba, ko abin fashewa, ko wutar lantarki, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda aka kama. Ta kuma ba hukuma ikon rufe wani ruwa na ɗan lokaci domin kifi ya hayayyafa.

Tun kafin dokar gwamnati, kakanninmu sun san wannan dabara. Mu dubi Argungu a Jihar Kebbi. Kogin Sakkwato da ya samo asali daga kusa da Funtuwa, nan maƙwabtanmu, shi ne ya bi ta Gusau da Sakkwato ya isa can. A Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka fara a 1934, Sarkin Ruwa ne ke tsare ruwan, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe. Ranar ma da koma da gora kawai ake shiga. Wannan haƙuri shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai nauyin fiye da kilo 50, har hukumar UNESCO ta saka bikin cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Rafinmu bai kai Matan Fada girma ba, amma kifinsa ma hutu yake so.

To me ya rage gare mu? Mu yi su da fatsa da tana, ko koma mai manyan ramuka. Kifin da bai kai tsawon tafin hannu ba, da wanda cikinsa ya cika da ƙwai, mu mayar da su ruwa. In an aike mu wanke injin feshi, mu ɗebi ruwa a bokiti mu wanke nesa da rafi. Kada mu sayi kifin da muka san da guba aka kama shi, komai arharsa. Idan muka ga ana zuba magani a ruwa, kada mu tsaya faɗa, mu sanar da iyayenmu ko mai unguwa ko dagaci. A madatsun ruwa irin su Mairuwa da Zobe kuma, mu nemi izinin masu kula da wurin tukuna, kada kuma mu shiga ruwa mai zurfi ba babba a kusa.

Ɗaliban da ke karanta ilimin halittu ko aikin gona za su iya roƙon malaminsu ya kai aji bakin rafi, a rubuta sunayen kifayen da ake samu yanzu, a tambayi dattawa waɗanda suke kamawa a da. Bambancin jerin biyu zai nuna mana abin da muka rasa da abin da ya kamata mu tsare.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu gama jarrabawa lafiya. Sai mako mai zuwa.