A daina sabunta lasisin gini da rasit kawai

Tun ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024, da benen makarantar Saint Academy ya rufta kan ɗalibai a unguwar Busa Buji ta Jos har mutum 22 suka rasu, muke zuba ido mu ga an sauya yadda ake bai wa mutum izinin ɗora bene a ƙasar nan. Ga wata daminar ta sake kawo kai, ƙasa za ta jiƙe, tushen gini zai fara faɗin gaskiyar abin da aka zuba masa. Mu dai ba mu ga sauyin da zai kwantar wa iyaye hankali ba.

Ba hukumomi muka rasa ba. COREN tana kula da injiniyoyi tun 1970, CORBON kuma da ƙwararrun magina tun 1989. Dukansu suna ba da lasisin aiki na shekara-shekara, kuma sun ce ƙaro ilimi sharaɗi ne kafin a sabunta shi. Tsari ne mai kyau, muna goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Damuwarmu ita ce irin ƙaro ilimin. Duk wanda ya taɓa leƙa taron bita a ƙasar nan ya san yadda da yawansu ke ƙarewa: a biya kuɗi, a sa hannu da safe, a saurari jawabai, a karɓi takardar shaida da yamma. Babu mai tambayar mahalarci abin da ya fahimta. Takardar da aka samu ta wannan hanya shaidar zama ce a kan kujera, bai kamata ta isa a sabunta wa kowa lasisi ba.

Mu je wurin aikin mu gani. Ana zuba dakin, leburori na hawa da sauka da kwanon sarki a ka. Awon da aka saba shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, amma da mai gida ya yi ƙorafin tsadar buhu sai yashi ya ƙaru, a tsuga ruwa don kwaɓin ya yi saurin bin katako. Zane ya ce rodi mai milimita 16, a ɗaure mai 12. Kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, kuma yana son ban ruwa a kwanakin farko, amma kafinta na jiran katakonsa don wani aikin, sai a zare tokara tun bai yi ƙwari ba. Daga baya kuma a ɗora hawa na uku kan tushen da aka haƙa don hawa ɗaya. Waɗannan su ne ke kashe mutane. A kansu ya kamata a jarraba mai lasisi, a fili, gaban wanda ya fi shi sani, kafin a buga masa hatimin sabuwar shekara.

Wasu ƙwararru na cewa yawancin ginin da ke faɗuwa 'yan ga-ni-na-iya ne marasa rajista suka yi shi, don haka ƙara musu jarrabawa ɗora wa mai gaskiya nauyi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba su gaya mana hatimin wa ke kan zanen da ake kaiwa ofishin tsara birane ba. Mai lasisin da ya sayar da sa hannunsa, bai taɓa taka wurin aikin ba, shi ya buɗe wa ɗan ga-ni-na-iya ƙofa.

Mun gaji da kwamitoci. An yi alkawura bayan ginin cocin Synagogue ya ci rai 116 a Legas a 2014. An maimaita su bayan bene mai hawa 21 na Ikoyi ya hallaka sama da mutum 40 a Nuwamban 2021. Mun sake jin su a Kano lokacin da bene ya rufta a titin Beirut a Agustan 2022. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa yana nan tun 2006, har yau bai zama abin da ake tsoron karyawa ba. Sannan ga tsohon kukanmu: ana shirya bita da Turanci a manyan otal, alhali birkila da mai ɗaure rodi da mai buga bulo, waɗanda hannunsu ke cikin siminti daga safe zuwa la'asar, babu mai tunawa da su. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin tantance masu sana'ar hannu. Me ya hana a haɗa kai da ita a koyar da su da Hausa, a garuruwansu, a kan kuɗin da za su iya biya?

Bukatarmu ba ta sauya ba. Kada a sabunta lasisin kowa sai an jarraba shi, an kuma duba aƙalla aiki ɗaya da ya kula da shi a shekarar. A wallafa sunayen waɗanda aka sabunta wa da waɗanda aka hana, yadda mai shirin gini zai duba a wayarsa. Gwamnonin jihohi kuma su tilasta kafa allo a bakin kowane bene da ake ginawa, ɗauke da sunan mai kula da shi da lambar lasisinsa na bana.

COREN da CORBON, doka ta ba ku ikon hana lasisi. Ku yi amfani da shi a sabuntawa mai zuwa.