Kallon Kitse A Ke Yi Wa Rogo



Ran nan da dare, bayan mun tashi daga ajin yaƙi da jahilci, na iske samari sun cika gaban wani kanti, suna kallon talabijin. Abin da a ke nunawa taro ne a ƙasar Faransa. Fitilu ja da kore suna walƙiya, yara suna waƙa bisa dandali, jama'a na ihu, wasu har da kuka. Sai na ji wani saurayi ya ce: "Wallahi da ina can, ko akuyata sai in sayar in shiga." Maganar nan ta hana ni barci. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in gaya muku mafarin abin. Sunan gasar Star Academy. Wata tashar talabijin ta Faransa mai suna TF1 ta fara ta a shekarar 2001. Ana zaɓen samari da ƴanmata, a ajiye su cikin wani babban gida kusa da birnin Paris, ana koya musu waƙa da rawa. Ana ɗaukar hotonsu dare da rana, ana nuna wa duniya. Kowane mako sai a fid da wani. Masu kallo su ke zaɓen wanda zai tsira, ta hanyar buga waya ko aika saƙo. In gasa ta ƙare, sai a kwashi waɗanda suka fi nisa, a yi ta yawo da su birni birni, a Faransa da Beljik da Suwis. Tashar ta bar gasar a 2008, ta maido ta a 2022. Irin wannan gasa ta iso Afirka ma: a 2016 aka fara The Voice Afrique Francophone domin ƙasashe masu aiki da Faransanci.

To, ku da kuka koyi lissafi, ku zo mu lissafa tare.

Na farko, mai kallo ya ba da lokacinsa. Tsakanin waƙa da waƙa ana yi masa tallar sabulu da mota da waya. Masu kayan nan su ke biyan tashar, gwargwadon yawan idanun da ta tara musu. Ashe idonka aka sayar.

Na biyu, saƙon zaɓe ba kyauta ba ne. Kowane saƙo da kuɗinsa, kuma mutum ɗaya yana iya aikawa sau da yawa. Wanda masoyansa suka fi sakin kuɗi, shi ke gaba.

Na uku, tikitin shiga. Yuro ɗaya, kuɗin Turai, dala 131 ne a kuɗinmu. Mu ce yuro 30 kaɗai aka nema a ƙofa. Kusan jika 20 ke nan. Kai manomi, tiya nawa ta hatsi za ka auna kafin ka haɗa jika 20? Ban sa kuɗin mota ba, ban sa na abinci ba.

Kun gani, kaya ɗaya aka sayar wa mutum har sau uku. Ko a kasuwar Maraɗi, dillalin da ya sayar maka da rago ɗaya sau uku, ai sai gaban alƙali.

Kuma in ka shiga, me za ka gani? Yawancin waƙoƙin da yaran nan ke yi ba nasu ba ne, na wasu mawaƙa ne da suka riga su. Wanda ya zauna can baya ba ya ganin fuskarsu, sai dai ya ɗaga kai ya dubi babban allo. Wato ya baro talabijin a gida, ya biya kuɗi ya zo kallon wata talabijin! Su kansu yaran abin tausayi ne. Kaɗan sun yi suna mai ɗorewa, kamar Jenifer wadda ta ci gasar farko. Da yawa kuwa, baɗi in an kawo sababbi, sai a manta da su.

Na san wani zai ce: "Malam, kai dai ba ka son nishaɗi." A'a, ba haka ba ne. Ni ma ina son kiɗa, ina son taro. Wanda ya sha wahalar damana ya cancanci ya huta da kaka. Wani kuma zai ce: "Ai filin kokowa ma ana biyan kuɗin shiga." Gaskiya ne, ana biya. Amma ku duba bambanci. Tun da aka fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya zama sarki, da idonka ka ke ganin kaye. In an ka da mutum ƙasa, ko kuɗin masoyansa sun kai tsauni ba za su tashe shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Saurayin da zai sayar da akuya don waƙar aro, in makaɗin garinsu ya zo da gurmi ko kalangu, sai ya ce ƙauyanci ne, ko dala biyar ba zai ba shi ba. Alhali Ɗan Gurmu na Tawa da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram ba a kulle su cikin wani gida aka koya musu ba. Da bakinsu suka tsara waƙoƙinsu, jama'a suka ji, suka yarda. Don haka ne aka sa wa gasar mawaƙa da aka fara a 1987 sunan Ɗan Gurmu. Kayan aro ba ya rufe katara. In mun raina namu, wa zai riƙe mana shi?

Ga shawarata. Ranar da aka zo garinku da lasifika da manyan takardu, ana cewa ga taurarin talabijin sun iso, kada ku yi gaggawa. Yanzu kun iya karatu. Ku tsaya ku karanta takardar, har ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa. Nawa ne shiga? Nawa ne saƙo ɗaya? Aljihun wa kuɗin za su faɗa? In rumbu a cike ya ke, kuɗin magani da na makarantar yara suna ajiye, to ku je ku yi kallonku. In ba haka ba, a bar akuya a turkenta. Waƙa dare ɗaya ce, akuya kuwa haihuwa ta ke yi.

Wanda bai yarda da maganata ba, ya rubuto mana da hannunsa. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.