Dajin Littafi da Dajin Gida

Ƴan lakwal suna son littattafan tafiya cikin daji. A ciki, yara biyu ko uku sukan shiga ƙurmin Kwango, inda ruwan sama ke zuba kusan kullum, itatuwa sun hana rana taɓa ƙasa. Su gamu da goggon biri, su ƙetare kogi mai kada. In babi ya ƙare, yaro ya ƙagara ya buɗe na gaba. Wannan karatu yana da kyau.

Amma yaron Kornaka da bai karanta kome ba sai waɗannan, zai zaci namun daji sai ƙasar wasu. Alhali arewa da Dakoro akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955. A da akwai raƙumin dawa a can, fari da farauta suka ƙarar da shi. A shekarar 2018 aka ɗauko guda 8 daga Kure, kusa da Yamai, aka kai su Gadabeji cikin manyan motoci, tafiyar wajen kilomita 800. Raƙumin dawa tsaye a bayan mota! Wannan bai isa littafi ba?

Ya kamata a rubuta shi, kuma da Hausa. Masu ba da labari ma suna nan. Makiyayi ya san sawun dila, ya san na barewa. Tsofaffin mafarauta sun ga jimina da idonsu, amma suna ta raguwa, kuma ba kowa ke zama ya tambaye su ba.